Ƙa'idojin shari'a suna sauyawa ne, ko alƙalai ke juya su? Amsa ga ɗalibin lauya mai neman abin karantawa

Wani ƙanena da ke aji biyar a tsangayar shari'a ya turo mini tambaya, ga ta a taƙaice: "Barista, an ba mu sunayen su Hart da Dworkin da Kelsen a kwas ɗin falsafar shari'a, na buɗe na rufe ban gane inda suka dosa ba. Abin da ya fi damuna kuma, ni na taso na karanta Risala da Askari a zaure, abin da na sani hukunci hukunci ne, yanzu kuma ana ce mana ƙa'idojin shari'a suna sauyawa da zamani. Da wane littafi zan fara, kuma sauyin nan gaskiya ne ko dai alƙalai ne ke yin son ransu?"

To ƙanena, da farko ka kwantar da hankalinka, ba kanka ne ya gaza ba. Littattafan nan da aka lissafo muku rigima ce tsakanin manyan malamai, kai kuma an jefa ka tsakiyarta ba a nuna maka abin da ake rigimar a kai ba. Hart yana ba wasu amsa, Dworkin yana ba Hart amsa, amma duk abu ɗaya suke kallo, wato me alƙali yake yi ranar da aka kawo masa maganar da doka ba ta ce komai a kanta ba, ko kuma ta faɗi abin da in an bi shi ido rufe za a yi zalunci a fili. In ba ka taɓa ɗaukar ƙa'ida guda ɗaya ka bi sawunta ba, ka ga inda ta faro, yadda ta yi ƙarfi, yadda ta tsufa har aka maye gurbinta, to duk bayaninsu zai zame maka kamar kwatancen garin da ba ka taɓa takawa ba. Shekarun da na yi ina koyar da kwas ɗin nan kafin in koma aikin lauya gaba ɗaya, ɗaliban da suka fi wahala su ne waɗanda suka fara da haddace ma'anoni daga handawut, za su zayyano maka mazhabobin falsafa guda bakwai amma ka ce su kawo shari'a ɗaya da maganar ta shafa sai a yi tsit.

Don haka ni ba da Hart zan ce ka fara ba. Ka nemi wani ɗan siririn littafi na Edward Levi, malami a jami'ar Shikago, sunansa An Introduction to Legal Reasoning, ya fito a 1949, shafukansa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, a zama uku za ka gama shi. Abin da mutumin nan ya yi a wani sashe na littafin shi ne ya ɗauki tambaya ɗaya ya bi ta shekara da shekaru: in wani ya ƙera kaya da sakaci, kayan ya bi hannun 'yan kasuwa ya iso gare ka ya ji maka ciwo, kana iya kai maƙerin ƙara alhali ba a hannunsa ka saya ba? A 1842 a Ingila wani direban keken doki mai ɗaukar wasiƙu, keken ya karye da shi ya faɗo ya nakasa, ya kai ƙarar ɗan kwangilar da alhakin gyaran keken ke wuyansa, kotu ta ce a'a, kwangilar da hukumar gidan waya aka yi ba da kai ba, kuma in muka buɗe wannan ƙofa ƙararraki ba za su ƙare ba. Shikenan ƙa'ida ta kafu, babu yarjejeniya babu diyya. Bayan shekara 10, a 1852 a jihar Niyok ta Amurka, wani mai haɗa magunguna ya zuba guba a kwalba ya manna mata takardar wani magani marar illa, kwalbar ta bi hannu biyu uku har wata mata ta sha ta kwanta rai a hannun Allah. Nan fa kotu ba ta iya cewa babu yarjejeniya ta kawar da kai ba, sai ta huda 'yar ƙaramar ƙofa a jikin katangar, ta ce in abu mai haɗari ne a karan kansa, irin guba, to maƙeri zai biya. Daga nan lauyoyi suka kwashe shekara 60 da wani abu suna ja-in-ja kan mene ne mai haɗari a karan kansa, fitila an ce ba ta ciki, katakon da masu fenti ke hawa an ce yana ciki, babbar tukunyar dafa kofi da ta fashe ita ma an shigar da ita, kullum ƙofar tana ƙara faɗi amma kowane alƙali yana cewa shi tsohuwar ƙa'ida yake bi. Sai a 1916 aka yanke shari'ar wani mutum da ya sayi mota ƙirar Buick, tayarta mai sandunan katako ta farfashe yana cikin tafiya, alƙali Cardozo ya ce duk abin da in an yi sakaci wurin ƙera shi zai jefa rai cikin haɗari to mai haɗari ne. Ka ga an gama ke nan, ƙofar ta cinye katangar, ba wanda ya tashi rana ɗaya ya ce na soke hukuncin 1842, amma hukuncin ya mutu.

A Birtaniya sai 1932 aka kai nan, kuma ka san shari'ar tun a aji uku, ta matar nan May Donoghue wadda a watan Agusta na 1928 a garin Paisley na Sikotilan ƙawarta ko abokiyar tafiyarta ta saya mata lemon citta a kwalba mai duhu, ta sha rabi, da aka juye sauran ta ce ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito. Ba ita ta biya kuɗin ba, don haka ba ta da yarjejeniya ko da mai shagon balle mai kamfanin. Alƙalai biyar ne suka zauna a kotun ƙoli ta lokacin, uku suka ba ta gaskiya biyu suka ƙi, Lord Atkin ya kawo maganar maƙwabci, cewa duk wanda aikinka zai iya taɓawa kai tsaye har ya kamata ka tuna da shi kafin ka yi, to maƙwabcinka ne a idon doka. Don Allah ka nemi hukuncin kansa ka karanta, kar ka tsaya a taƙaitawar handawut, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ka karanta har da na biyun da suka saɓa, domin su ma ba shirme suka faɗa ba, hukunce-hukuncen baya da yawa suna tare da su. Da alƙali ɗaya ya karkata wancan ɓangare da an ƙara shekaru ana tafiya a tsohuwar hanya. Wani abin lura kuma, har aka rufe maganar ba a taɓa tabbatarwa a kotu cewa dodon koɗin yana cikin kwalbar ba, a kan ƙa'ida kawai aka yi hukunci, daga baya aka sasanta a waje.

In ka riƙe wannan labari a hannu, sauran littattafan za su fara buɗe maka. Oliver Wendell Holmes a littafinsa The Common Law na 1881 tun a shafin farko ya ce rayuwar doka ba a kan lissafin hankali ta ginu ba, a kan abin da mutane suka gani suka sha ne, kuma yanzu ka san me yake nufi, mota ce da kayan kwalba suka sauya ƙa'idar, lokacin da mai saye ya daina sanin wanda ya ƙera abin da yake ci. Henry Maine kuwa tun 1861 a Ancient Law ya nuna hanyoyin da doka ke bi ta sauya, ta farkonsu ita ce a bar lafazi yadda yake a sauya abin da ke ƙarƙashinsa a yi kamar ba a taɓa komai ba. Akwai kuma babban kundi na Patrick Atiyah, The Rise and Fall of Freedom of Contract, 1979, wanda ya bi yadda tunanin su Adam Smith da Bentham kan kasuwa da 'yancin mutum ya shiga kan alƙalan Ingila har suka ɗauka cewa duk abin da mutum ya sa wa hannu ya hau kansa ko da an cuce shi, da yadda aka dawo daga rakiyar wannan tunani daga baya. Wannan shi ne littafin da ya fi nuna mini cewa falsafa ba a aji take tsayawa ba, tana bin alƙali har kan kujerarsa ko ya sani ko bai sani ba. Sai dai yana da kauri ƙwarai, ka ajiye shi sai bayan jarabawa.

Yanzu sai Hart. The Concept of Law ya fito a 1961, shi kuma malami ne a jami'ar Okusfod, ya zauna da masana falsafar harshe na zamaninsa, waɗanda ke cewa in kana son sanin ma'anar kalma ka dubi yadda mutane ke aiki da ita. Abu biyu za ka riƙe daga gare shi. Na ɗaya, ya ce doka ba umarnin mai ƙarfi da barazanar bulala ba ce kawai kamar yadda John Austin ya faɗa a 1832, don in haka ne ɗan fashi da bindiga ma mai yin doka ne, ya ce a ƙarƙashin kowane tsari akwai wata ƙa'idar tantancewa da alƙalai da jami'ai suka yarda da ita a aikace, da ita suke gane wannan doka ce wannan ba doka ba ce. Na biyu shi ne wanda ya shafi tambayarka, yana babi na 7, cewa kowace kalma tana da tsakiya inda ba a musu, tana kuma da gefe inda haske ke ragewa. Shi da filin shaƙatawa ya yi misali, kai ka ɗauki kasuwa. A ce hukuma ta rubuta a ƙofa, an hana shiga da abin hawa. Tirela da a-kori-kura ba magana. To mai baro fa da ke dakon buhu? Amalanke? Gurgu a kan kekensa? Motar asibiti da ta zo ɗaukar wanda ya yanke jiki ya faɗi? Hart ya ce a irin wannan gefen doka ta ƙare, alƙali dole ya zaɓa, kuma in ya zaɓa to sabuwar doka ya yi, gara a faɗi gaskiya a daina ɓoyewa. Lon Fuller na jami'ar Habad ya ja da shi tun 1958, ya ce ko a tsakiyar ma ba kalma ce ke yi maka jagora ba, manufar dokar ce, in ba ka san dalilin da ya sa aka hana abin hawa ba ba za ka san me ake nufi da abin hawa ba. Kai da ka yi zaure ai ka ji ƙamshin maganar illa, wato dalilin hukunci, a nan.

Ronald Dworkin shi ya gaji kujerar Hart a Okusfod, kuma shi ya fi kowa tsananta masa. Hujjarsa mafi shahara wata shari'a ce ta Niyok a 1889. Wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Elmer Palmer ya san kakansa ya rubuta masa mafi yawan dukiya a wasiyya, da ya ga kakan ya sake aure sai tsoro ya kama shi kar a sauya wasiyyar, ya ba tsohon guba ya mutu. An ɗaure shi, amma ya ce a ba shi dukiyarsa, kuma dokar wasiyya ta jihar ba ta ce komai kan mai kisa ba, wasiyyar ta cika duk sharuɗɗa. 'Ya'yan mamacin mata suka kai ƙara. Alƙali Gray ya ce mu lafazin doka aka ba mu, ba aikinmu ba ne mu ƙara wa mutum horo bayan wanda aka yi masa, amma masu rinjaye suka ce akwai ƙa'idar da ta ratsa dukkan shari'a, mutum ba ya cin ribar laifinsa, suka hana shi. Dworkin ya ce to ka gani, alƙalan nan ba su ce doka ta ƙare bari mu zaɓa ba, sun ce dokar ce da kanta ta hana, ke nan a cikin doka akwai ginshiƙai da ba a rubuta su sashe-sashe ba amma suna da nauyi. A Taking Rights Seriously na 1977 ya shimfiɗa wannan, a Law's Empire na 1986 ya cika shi, inda ya kwatanta alƙalai da marubutan da aka ba labari ɗaya kowa ya rubuta babi ya miƙa wa na gaba, ba ka da ikon fara sabon labari, dole babinka ya dace da na baya, amma cikin hanyoyin da suka dace za ka zaɓi wadda ta fi fito da labarin da kyau.

Na san tun kafin in gama ka tuna da hadisin da ya hana mai kisa gado, da ƙa'idar malamai cewa wanda ya yi gaggawar abu kafin lokacinsa ana yi masa uƙuba da hana shi. Abin da alƙalan Niyok suka yi gumi kafin su kai gare shi, yaron da ya karanta babin gado a zaure ya san shi. Amma ka duba abin da ya faru bayan nassin, nan ne darasin yake. Shafi'awa suka ce kowane irin kisa yana hana gado, Malikawa suka ce kisan ganganci na zalunci shi ke hanawa, wanda ya yi kisa bisa kuskure yana gadon dukiya sai dai ba ya cin komai daga diyya. Nassi ɗaya ne, me ya raba su? Neman illa, wato me ya sa aka hana. Wannan aikin shi ne su Hart da Fuller da Dworkin suke ta kewayawa da nasu yaren.

In ka tambaye ni ra'ayina, a bayanin yadda tsarin doka yake tsaye Hart ya fi gamsar da ni, amma a abin da nake gani a kotu kullum Dworkin ya fi kusa da gaskiya, domin ban taɓa tsayawa gaban alƙali na ce ya mai shari'a doka ta ƙare ka zaɓi wanda ka ga dama ba, kuma ban taɓa jin lauyan da ya faɗi haka ba, kowa cewa yake doka tana tare da ni. Inda na rabu da shi shi ne da'awarsa cewa ko a mafi wuyar shari'a akwai amsa ɗaya tak da ta fi daidai. Ko wannan ma malaman usulu sun riga shi tattaunawa, tsakanin masu cewa kowane mujtahidi ya dace da masu cewa gaskiya ɗaya ce wanda ya kuskure yana da lada ɗaya. Sai dai kar ka yi saurin cewa ai duk abu ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, mujtahidi hukuncin Allah yake nema daga wahayi, alƙalin Dworkin kuwa yana neman abin da ya fi dacewa da tarihin siyasar al'ummarsa ne. Hanyar tunanin ta yi kama, tushen ya bambanta, kuma na ga ɗalibai da yawa sun zame a nan a rubutun kammala digiri.

Kelsen kuma kar ka ɗauka maganarsa ta sama ce da ba ta taɓa ƙasa, mu nan ta taɓa mu. A littafinsa na 1934 ya ce kowace doka daga wadda ke samanta take samun inganci, har a kai ga wata uwar ƙa'ida da ake ƙaddara ta a tushe, kuma in juyin mulki ya yi nasara mutane suka bi, to tushen ya sauya. A 1958 kotun ƙolin Pakistan ta ɗauki wannan magana ta halatta mulkin soja da ita, daga baya kotun Yuganda ta bi sahu. A Najeriya kuwa, shari'ar Lakanmi ta 1970, wadda aka yi kan ƙwace kadarori da dokar soja, kotun ƙoli ta ce abin da ya faru a Janairun 1966 ba juyin juya hali ba ne, ministoci ne suka miƙa mulki bisa larura, don haka tsarin mulki na 1963 yana nan kuma soja ba su da ikon yanke wa mutum hukunci da dikiri, wato dokar soja. Cikin 'yan makonni gwamnatin Gowon ta fitar da dikiri mai lamba 28 na 1970 ta shafe hukuncin, ta ce juyin juya hali ne kuma ba kotun da za ta sake taɓa dikiri. Ka karanta waɗannan biyun a jere kafin ka koma kan Kelsen, za ka ji nauyin tambayar daga ina doka ke samun ƙarfinta. Pakistan ɗin ma a 1972 kotun ta dawo ta yi watsi da hukuncinta na 1958.

Sai damuwarka ta zaure, wadda ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Ina sabon lauya na taɓa zama a wata kotun shari'ar Musulunci ina jiran a kira tamu, aka kira ƙarar wata mata da tela, ta kai masa shadda gab da salla, ta dawo ya ce an sace a shago. Telan yana ta rantsuwa, yana cewa ai amana ce, kuma wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci. Alƙalin dattijo ne, ya sauke tabarau ya tambaye shi abu uku a natse, shagon naka na kowa da kowa ne ko ita kaɗai kake yi wa aiki, a gabanta ka yi ɗinkin ko ta bar maka ta tafi, kuma kana da shaidun da suka ga an fasa shagon. Ya ce na kowa ne, ta bari ta tafi, shaidu kuma babu. Alƙali ya ce to za ka biya. Abin da ya yi aiki da shi shi ne lamuncin masu sana'a, sanannen hukunci a mazhabar Malik. Asalin ƙa'ida tana tare da telan, amintacce ba ya lamuni, amma da aka ga in an bar masu sana'a a kan rantsuwa kawai dukiyar mutane za ta salwanta, ga shi ba mai iya rayuwa ba tela ba marini ba maƙeri, sai aka ɗora musu lamuni sai in sun kawo shaida, kuma Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 790 bayan hijira, ya kawo wannan cikin misalan maslaha. Ka ga ƙa'ida ta motsa saboda halin mutane ya motsa, a cikin fiƙihun da ka karanta, ba a littafin Bature ba.

Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 684 bayan hijira, ya faɗa a littafinsa Furuƙ cewa hukuncin da aka gina kan al'ada yana juyawa in al'adar ta juya, kuma in mutum ya zo maka daga wani gari kar ka ba shi fatawa da al'adar garinku, ka tambaye shi tasu, har ya kira daskarewa kan abin da ke rubuce a irin wannan wuri ɓata. Masu sharhin Risala ma suna kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare a gidansa don tsaro, da aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Ga Shafi'i da tsohon zancensa na Iraƙi da sabo na Masar. Amma iyakar a bayyane take kuma kar ka bari kowa ya ruɗe ka a kanta: abin da ke motsi shi ne wanda aka gina kan al'ada da maslaha da ijtihadi, abin da nassi yankakke ya tabbatar, irin rabon gado da adadin raka'o'i, ba ya cikin wannan. Abin da malaminka na zaure ya koya maka daidai ne, babin da ke bayanin wannan ne ba ku kai ba, yana cikin usulu da ƙawa'idu. In Larabcinka ya yi ƙwari ka nemi Muwafaƙat na Shaɗibi, in kana son mai sauƙi ka fara da littafin maƙasid na Ibn Ashur na Tunisiya wanda ya fito a 1946.

A ɓangaren masu rubutu da Turanci, za ka ci karo da Joseph Schacht, wanda ya yaɗa cewa an rufe ƙofar ijtihadi tun wajen ƙarni na 4 na hijira fiƙihu ya daskare. Wael Hallaq ya rushe wannan a wata maƙala ta 1984, sannan a littafinsa Authority, Continuity and Change in Islamic Law na 2001 ya nuna hanyar da sauyin ke bi, daga tambayar da aka kai wa mufti, zuwa fatawa, zuwa marubucin da zai tace ta ya shigar da ita littafin mazhaba a matsayin abin da ake aiki da shi. Duk wanda ya taɓa buɗe Mi'iyar na Wansharisi ya ga tulin fatawoyin Magrib da Andalus ya san haka ne. Ka karanta Hallaq da idonka a buɗe, ba duk abin da ya faɗa nake bi ba, amma a wannan gaɓar ya yi aiki mai kyau.

Mu kuma a arewa tsarin biyu a ɗaki ɗaya suke kwana, shi ya sa tambayarka ba ta jarabawa ba ce kawai. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani Tsofo Gubba hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe, don a dokar laifuka ta Turawa tunzurawa tana sauko da laifin daga kisan kai na ganganci. Rigimar da wannan ya tayar ba ta kwanta ba har aka kafa kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin alƙalin alƙalan Sudan Abu Rannat, aka samar da kundin Penal Code da ya fara aiki a 1960. Turawa sun jera shari'ar Musulunci cikin dokokin gargajiya, aka daɗe a haka, sai a 1998 a shari'ar Alkamawa da Bello, wadda aka yi kan shufu'a, ko maƙwabci yana da haƙƙin a fara yi masa tayin gida, kotun ƙoli ta bakin mai shari'a Wali ta ce shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce don ba ta wata ƙabila ba ce. Littafin Taslim Elias na 1956, The Nature of African Customary Law, zai taimake ka ka gane yadda aka yi wa dokokinmu kallon raini da yadda aka fara mayar da martani.

To son rai fa? Akwai shi, ba zan ɓoye maka ba, na ga hukuncin da aka fara yankewa sannan aka nemo masa dalili, kuma yana ci mini rai har yau. Amma akwai yadda ake gane shi. Sauyi na gaskiya yana fitowa da dalilinsa a rubuce, yana fuskantar hukuncin baya ya faɗi inda ya rabu da shi da abin da ya sa, kuma alƙalin a shirye yake ya yi aiki da sabuwar ƙa'idar gobe ko da a kan wanda yake so ne. Son rai kuwa tsallake hukuncin baya yake yi kamar bai gan shi ba, kuma ƙa'idarsa ta yini ɗaya ce, in mai ƙara ya sauya ita ma ta sauya.

Ga aikin da zan ba ka kafin ka sake taɓa Hart. Ka ɗauki maganar hurumin shigar da ƙara a Najeriya. Ka fara da shari'ar Sanata Abraham Adesanya ta 1981, da ya ƙalubalanci naɗin da Shugaba Shagari ya yi wa mai shari'a Ovie-Whiskey shugabancin hukumar zaɓe aka ce ba shi da hurumi, ka karanta kowane alƙali daban, za ka ga Fatayi-Williams ya yi maganar buɗe ƙofa amma tsattsauran karatun mai shari'a Bello ne ƙananan kotuna suka riƙe. Sai ta Gani Fawehinmi da Akilu ta 1987 bayan kisan Dele Giwa, sai dokokin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009, sai hukuncin 2018 da kotun ƙoli ta ba wata ƙungiya mai zaman kanta hurumin kai kamfanin mai na ƙasa ƙara kan malalar mai a jihar Abiya. Ka rubuta mini shafi biyu kan inda ƙa'idar ta motsa da abin da kowane alƙali ya ce yana yi a lokacin, ka haɗa da Levi a gefe. In ka turo sai mu shiga babi na 5 zuwa na 7 na Hart tare, daga nan babin farko na Law's Empire inda labarin Elmer yake. Allah ya ba da sa'ar jarabawa, ka gaishe da mutanen gida.